Ranar da Hoton Wuya Ya Ƙi Barin Tsafe

Na yi shekaru ina aikin kwamfuta, na ga lalacewa iri-iri, wasu na gyara wasu suka gagare ni, kuma yawancinsu sun bi iska, ko a tambaye ni ba zan iya tuna su ba. Amma akwai wani yini guda a Tsafe da ba na jin zai bar ƙwaƙwalwata muddin ina numfashi. A ranar ne na zauna gaban na'ura ina kallonta tana kallona, ga mutum kwance a ɗakin da ke kusa, ni kuma ban ma san ta inda zan fara tunani ba.

A lokacin ban daɗe da gama kwalejin kimiyya da fasaha ba, na samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Gusau, can wajen Sabon Gari. Mai asibitin likitan ƙashi ne, dattijo mai ƙarancin magana, kowa Dokta yake kiransa. Yana da ƙananan rassa biyu, ɗaya a Bungudu ɗaya a Tsafe. A kowane reshe akwai jami'in lafiya da injin ɗaukar hoton ƙashi, amma babu likitan da zai karanta hoton. Saboda haka idan an ɗauka sai a turo ta kwamfuta zuwa Gusau, Dokta ya duba ya faɗi abin da za a yi. Aikina shi ne in tabbatar kwamfutocin nan na wurare uku suna jin juna. Ni kaɗai ne a wannan ɓangaren, kuma a gaskiya ina ganin kaina a lokacin.

Abubuwa biyu suka faru kafin wannan rana, waɗanda sai daga baya na gane suna da alaƙa. Na farko, ina hutun aurena Dokta ya kawo wani kamfani daga wata jiha suka ɗaure wa duk kwamfutocin asibitin tsaro, har da ta hannuna da na bari a ofis, saboda bayanan marasa lafiya. Suka kuma rufe hanyar da wayoyin hannu ke bi su hau layin asibitin. Da na dawo Dokta ya ce mini kada in taɓa abin da suka yi, ni kuwa ban ga dalilin taɓawa ba tunda komai yana tafiya daidai. Na biyu shi ne lokacin da aka katse layukan waya a jiharmu saboda matsalar tsaro. Duk wanda ya zauna a Zamfara a wannan tsakanin ya san yadda aka ji. Ba kira, ba saƙo, mutum sai ya hau mota ya fita jihar kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Reshen Bungudu bai girgiza ba, don da ma eriya ce ke haɗa shi da Gusau kai tsaye. Tsafe kuwa ta layin kamfanin waya take bi, sai ta yanke ɗif. Dokta ya sa aka kafa faranti irin na tauraron ɗan'adam a Gusau da Tsafe, ni kuma na haɗa su ta wata rufaffiyar hanya yadda wani ba zai leƙa abin da ke wucewa ba.

Daga nan ruɗani ya fara. Layin ya hau, fitilu duk kore. Akwai ɗan shafin hira da ma'aikata ke rubuta wa juna, jami'in Tsafe ya rubuto sallama, ta iso nan take, na amsa ya gani. Muka yi murna. Amma da ya zo turo hoton farko, sai layin nan mai nuna ci gaban turawa ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya. Bai ce ya kasa ba, bai ce an samu kuskure ba, bai kuma ci gaba ba. Ya dai tsaya. Aka rage girman hoton, haka. Aka sake ragewa har ya zama ba a iya gane komai a ciki, haka dai. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ko a shafin hirar ma idan jami'in ya yi dogon bayani sai ya maƙale, amma idan ya yanka shi layi-layi sai ya wuce. Na taɓa jin layi mai nauyi, na taɓa jin layin da ya mutu, amma layin da ke zaɓen abin da zai ɗauka ban taɓa ji ba.

Akwai wani ɗan gwaji da duk mai aikinmu ya sani, muna kiransa fing. Kamar ƙwanƙwasa ƙofa ne: ka aika wa wata kwamfuta ɗan saƙo cewa kina nan, ita kuma ta amsa ina nan. Na ƙwanƙwasa wa kwamfutar Tsafe daga Gusau, shiru. A karatun da na yi, shiru na nufin ba ta kan layi. To amma ga jami'in can yana rubuto mini daga kanta yana tambayata ya amarya. Na zauna ina kallon abu biyu a allo ɗaya, ɗaya na ce mini ta mutu, ɗaya na gaishe ni.

Kwanaki muka yi a haka. Hotunan Tsafe sai a zuba a filash, ɗan abin nan na ajiyar bayanai, a ba direbobin tasha su kawo Gusau, wani ya iso da wuri, wani sai washegari. Dokta ba ya faɗa, amma kullum da safe idan ya wuce ta ƙofar ofishina sai ya ɗan tsaya ya ce, "Malam, Tsafe fa?" Ni kuma in ce ana kai. Ban san abin da ake kai ba. Na zargi farantin, na zargi hadari, na zargi wayar da ta sauko daga rufi, har injin hoton na zarga. Matata ta ce ko a cikin barci ina maganar Tsafe.

Ranar da abin ya faru, da sassafe na hau mota zuwa Bungudu, don in ga abin da ke wurin da babu shi a Tsafe. Na tarar da komai lafiya. A gabana ma'aikaciyar jinya ta tura hoton ƙafar wata mata, kafin in gyara zama ya isa Gusau. Sai na ce bari in ƙwanƙwasa wa kwamfutar Bungudu, ga ta a gabana, waya ɗaya ta haɗa mu. Shiru ita ma. Na sake, shiru. Nan kaina ya ƙara kullewa. Wannan ba ta amsa ƙwanƙwasa amma tana tura hoto, waccan ba ta amsawa kuma ba ta turawa. Na yanke a raina cewa rashin amsawar aikin kamfanin nan ne, sun ɓoye kwamfutocin don kada ɓarayin bayanai su gan su, kuma tunda Bungudu na aiki da shi haka, ba ruwansa da matsalar Tsafe. Da wannan tunanin na cire shi daga lissafi gaba ɗaya. A yau idan na tuna nakan yi murmushi, don amsar na riƙe a hannuna na ajiye ta gefe da kaina, kuma a lokacin hujjata ta yi mini kyau ƙwarai.

Na koma Gusau na ɗauki sabuwar wayar faranti da kayan aiki, direban asibiti ya kai ni Tsafe ya juya, da niyyar ya dawo ya ɗauke ni da yamma. Na hau rufi cikin rana na sauya wayar farantin, na ɗaure komai, na sauko jikina duk gumi, muka gwada. Layin ya motsa kaɗan ya tsaya, daidai inda ya saba tsayawa.

Muna idar da sallar Azahar sai ga mutane sun shigo da wani magidanci a kan tabarmar kaba, mutum huɗu na riƙe da gefe-gefe. Manomi ne daga wani ƙauye da ke bayan dutse. Ya hau bishiya yana saro wa awakinsa ganye, reshe ya karye da shi, ya faɗo ta ka. Idonsa biyu, yana magana, amma ya ce wuyansa kamar an soka masa ƙarfe, kuma yatsun hannunsa na yi masa wani irin yam-yam. Jami'in lafiyar mutum ne mai natsuwa, ya hana kowa ɗaga shi, ya sa buhunan yashi ƙanana a gefen kansa, aka lallaɓa aka ɗauki hoton. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kira ni gefe ya ce yana ganin wani abu a ƙashin wuya amma ba zai iya rantsewa ba, inuwa ce ko tsagewa. Ya ce wannan sai idon Dokta.

Na ce to a zuba a filash a kai tasha. Wanda aka aika bai daɗe ba ya dawo da filash ɗin a hannu. Ya ce an tsayar da motoci, jami'an tsaro sun rufe hanyar Gusau saboda wani abu da aka ji ya faru a gaba, ba mai wucewa sai abin da hali ya yi. Jami'in ya rubuta wa Dokta layi-layi. Amsa ta zo a gajarce. Dokta ya ce zai iya neman rakiya a fito da motar ɗaukar marasa lafiya da katakon da ake ɗaure mai karayar wuya, amma rakiyar ba a ba da ita sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma idan rana ta yi sanyi ba wanda zai yarda ya hau hanyar. Ya ce in ba karaya ba ce gara a bar mutumin a Tsafe ya huta, kada a jefa direba da ma'aikata cikin haɗari a banza. Sai ya rufe da cewa, "Ina son hoton."

Jami'in ya juyo ya dube ni.

Wan mutumin shi ne babba a cikin waɗanda suka kawo shi, dogo mai furfura a gemu. Ya leƙo ɗakin da nake ya yi sallama, ya tambaya ko ni ne mai na'ura. Na ce ni ne, Baba. Ya ce su fa akwai maɗori a garinsu wanda ya gaji aikin, kuma da can za su nufa, matar mutumin ce ta nace a zo asibiti. "Tun da munka zo kuna cewa likita zai gani. To yaushe za ya gani? In abin nan naku ba ya yi, ku ba mu shi mu ɗora ga babur mu tafi tun da sauran rana." Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na roƙe shi ya ba ni zuwa La'asar. Ya ce to, ya koma ya zauna a bakin ƙofa inda zan riƙa ganinsa.

Kalmar babur ce ta tsaya mini a rai. Ko ni da ba likita ba na san abin da hanyar ƙauye za ta yi wa karyayyen wuya.

Na koma gaban kwamfutar. Duk abin da na sani na riga na gwada, wasu sau da yawa. Na kashe na kunna. Na zare waya na mayar. Na kwashe hoton zuwa kwamfutar hannuna na tura daga can, ya tsaya a wuri ɗaya. Sai don rashin abin yi, ba don wata dabara ba, na shiga cikin rauta, wato ɗan akwatin da ke karɓar saƙo daga kwamfutocin reshen ya miƙa wa faranti, na ce ta nuna mini duk abin da ke wucewa ta cikinta. Na sa jami'in ya danna tura.

Rubutu ya fara gudu a allo. Duk abin da kwamfuta za ta aika, yanka shi take yi ƙulli-ƙulli, wannan na sani. Na ga ƙananan ƙulli na gaisuwa sun wuce, Gusau ta amsa. Sai babban ƙulli na farko ya fito daga kwamfutar hoton. Bai wuce ba. A maimakon haka sai na ga rautar ta mayar wa kwamfutar da wani ɗan gajeren saƙo. Kwamfutar ta yi jim, ta sake aiko da babban ƙullin nan, shi ɗin dai. Rautar ta sake mayar da ɗan saƙon. Kwamfutar ta ƙara yin jim, ta fi na farko daɗewa, ta sake aikowa. Haka suka yi ta yi, kamar kurma da mai ba shi kwatance. A jikin ɗan saƙon akwai haruffa huɗu, ICMP, da wasu kalmomi da ke cewa ba a isa wurin ba, ana bukatar a rarraba. Na tuna mun yi haruffan nan a aji, amma abin da ya zauna mini kawai shi ne da su ake yin fing. Me ya kawo su nan, kuma me ya sa rautar da ke gabana za ta ce ba a isa Gusau ba alhali ga Gusau na amsa gaisuwa? Na ƙara rikicewa fiye da da.

Sai malamar da ta koya mana darasin sadarwar kwamfuta ta faɗo mini a rai. Ta bar jihar ta koma wata jami'a, amma muna gaisawa jefi-jefi ta intanet. Na rubuta mata a gutsure, layi ɗaya bayan ɗaya, don dogon saƙo ba zai fita ba. Allah ya sa tana kusa. Na kwafe mata layin da nake gani. Tambayarta ta farko ita ce ko akwai rufaffiyar hanya tsakanin wuraren biyu. Na ce akwai. Ta biyu, ko kwamfutar na amsa fing. Na ce ba ta amsawa, amma wannan ba shi ne matsalar ba, don ta Bungudu ma ba ta amsawa.

Ta rubuto: "Shi ne matsalar. Natsu ka karanta."

Ta yi mini bayani a gajerun layuka, ni kuma ina karantawa ina leƙen dattijon da ke bakin ƙofa. Ta ce rufaffiyar hanyar da na haɗa tana naɗe kowane ƙulli cikin wani mayafi kafin ya hau faranti, don haka ƙullin da ya cika girma ba ya shiga. Idan rauta ta ga haka, ba ta yin shiru. Tana yar da ƙullin, sannan ta aika wa mai shi ɗan saƙon nan cewa kayanka sun yi wa hanyar nan girma, ga iyakar abin da take ɗauka. Ta ce saƙon ba wurin manhajar tura hoto yake zuwa ba, ita ba ta ma san da shi ba. Wurin kanel yake zuwa, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wadda duk abin da ya shigo ko ya fita ta hannunta yake bi. Idan irin waɗannan saƙonni suka iso, kanel na duba kowanne ta ga wane iri ne. In ƙwanƙwasa ce, ita da kanta take amsawa ba tare da ta tashi kowa ba. In kuwa na kuskure ne, sai ta buɗe shi, domin a cikinsa akwai ɗan guntun kan ƙullin da aka yar, da shi take gane wace hira ce abin ya shafa. Daga nan ta rubuta a wurinta cewa hanyar wuri kaza ba ta ɗaukar fiye da kaza, ta sa a sake yanka kayan ƙanana a aika. Duk wannan a cikin ƙiftawar ido, mai amfani da kwamfutar bai san an yi ba.

Na tambaye ta to me ya sa tamu ba ta yi. Ta ce saboda ƙwanƙwasa da saƙon kuskure ƙofa ɗaya suke shigowa. Wanda ya ɗaure muku tsaro ya so ya hana ƙwanƙwasa, sai ya toshe ƙofar gaba ɗaya. Kanel ɗinku ba ta taɓa jin cewa kayanta sun yi girma ba. Abin da ta sani kawai ta aika ba a amsa ba, sai ta ɗauka ɓata ya yi a hanya, ta jira, ta sake aika shi yadda yake. Bungudu kuwa hanyarta mai faɗi ce, ba a taɓa bukatar gaya mata komai ba, shi ya sa toshewar ba ta nuna ba.

Ko da na karanta wannan ban gama yarda ba. Kaina ya riga ya yi nauyi, kuma kwana da kwanaki ina gina tunanina a kan cewa farantin ne. Ta ce kada in yarda da ita, in tambayi kanel ɗin da kanta, don tana ƙirga duk saƙon kuskuren da ya iso gare ta. Ta ba ni abin da zan rubuta. Na rubuta a kwamfutar hoton. Wurin da ya kamata in ga adadin saƙonnin da suka shigo, sifili ne. Na waiwayi allon rautar, ga su nan tana ta aikawa, jere. Tsakanin akwatin nan da kwamfutar bai fi taku biyu ba, amma ko ɗaya bai iso ba. Na buɗe dokokin katangar tsaron da kamfanin ya sa, abin da ban taɓa yi ba tunda aka ce kada in taɓa. Can kusa da sama na ga layi guda da ke cewa duk wani ICMP a yar da shi, ba tambaya.

Aka kira La'asar a masallacin da ke bayan asibitin. Dattijon ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Na ji yana ce wa ɗaya daga cikin mutanensa ya je ya kawo babur. Jami'in ya fita da sauri yana ba shi baki, ni kuma na rubuta wa Dokta cewa na gano, amma sai na taɓa aikin kamfanin. Ya tambaya ko hakan zai buɗe mu ga ɓarayi. Na tambayi malamar, na maimaita masa abin da ta ce, cewa ba duka zan buɗe ba, irin saƙon nan guda ɗaya kawai zan bari ya wuce, kuma kanel ba ta karɓar sa da ka, sai ta ga ya dace da wata hira da take yi da gaske. Na zauna ina jiran amsa, ina jin ƙarar babur na matsowa. Sai ga kalma ɗaya: "Buɗe."

Na rubuta sabon layin a dokokin katangar tsaron, na yi kuskuren harafi, na goge na sake. Na danna tura da kaina. Layin turawar ya motsa zuwa inda ya saba tsayawa, ya yi ɗan jim. Sai ya wuce. Ya ci gaba da tafiya a hankali har ya cika. Na duba ƙirgar kanel, sifilin nan ya koma ɗaya. Saƙo ɗaya tak take bukata tun farko. Nan take na shiga kwamfutar Dokta daga nesa na yi mata irin gyaran, don amsarsa ma ta samu wucewa.

Na fita na ce wa dattijon hoton ya isa hannun likita, ya yi mini haƙuri kaɗan. Ya dube ni kamar bai yarda ba, amma ya ɗaga wa mai babur hannu ya kashe. Ba mu daɗe ba amsar Dokta ta zo, kuma wannan karon doguwa ce, ta shigo gaba ɗayanta ba yankewa. Ya ce tsagewa ce a ƙashin wuya, ba ta goce ba tukuna, kada a bari ya juya kai ko kaɗan, kada a zaunar da shi, ga mota nan tafe da rakiya. Jami'in ya juya allon ya nuna wa dattijon wurin da Dokta ya zagaye, ya gaya masa a fili abin da zai faru da an ɗora ƙaninsa a babur. Dattijon ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya ce, "Ashe haka abin yake," ya nemi buta ya tafi alwala.

Motar ta iso rana na shirin faɗuwa, aka ɗaure mutumin a katako, ni ma a cikinta na dawo Gusau, ina zaune kusa da ƙafafunsa har muka shigo gari. Mutumin ya yi makonni a asibitin. Ya tashi da ƙafafunsa, sai dai hannunsa na hagu bai koma da ƙarfinsa na da ba. Washegarin ranar na bi sauran kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na gyara layin tsaron nan. Dokta bai yi dogon zance ba, ya dai ce daga yau duk wanda zai taɓa na'urorin asibitin sai ina tsaye. Ban ga laifin mutanen kamfanin sosai ba, sun yi abin da suke ganin kariya ne, kuma a ranar da suka yi shi bai cutar da kowa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan yini ya wuce kwamfuta. Na gane cewa shiru ba lafiya ba ne, kuma wanda ya zo ya ce maka abin da ka aiko bai wuce ba, ba maƙiyinka ba ne, shi ne ma ya fi kowa amfani a gare ka. Idan ka toshe kunnenka daga duk mai kawo labarin da ba ka so don ka huta da masu damu, za ka yi ta maimaita kuskure ɗaya da iyakar ƙoƙarinka, kana mamakin me ya sa ba ka isa ba. Yanzu ina da ma'aikata a ƙarƙashina, kuma abin da nake fara gaya wa duk sabon da ya zo shi ne, idan abu ya lalace, ko ni na lalata shi, ya zo ya faɗa mini tun da wuri, ba zan taɓa rufe masa ƙofa ba.